Haɗa Allunan Lantarki da Yi Musu Akwati: Yadda Ake Gina Sintasaiza a Gida

A zangon karatu na biyu, 'yan kulab ɗinmu na kimiyya sun yi hasarar aikin mako shida cikin ƙiftawar ido. Sun haɗa wani ɗan allon lantarki mai fitar da sauti, suka gwada shi a kan tebur, ya yi aiki lafiya lau. Ranar da aka zo sa shi cikin akwati, sai ɗaya daga cikinsu ya soka wayar wuta a juye. Muka ji ɗan ƙara, sai warin ƙuna ya cika ɗakin. Yaron ya yi tsuru-tsuru, amma laifin nawa ne. Na koya musu yadda ake karanta zane da yadda ake liƙa kaya da dalma, ban koya musu yadda ake haɗa allo da allo ba, balle yadda ake yi musu mazauni.

Saboda haka na ga ya dace in yi amfani da mujallarmu ta bana in bayyana wannan ɓangaren aikin, domin ɗalibai da malamai 'yan'uwana, da kuma iyaye masu sha'awar kayan kiɗa. Yawancin irin waɗannan na'urori da ake ginawa a gida, wajen haɗi da wajen akwati suke mutuwa, ko da zanen da aka bi mai kyau ne.

Mece ce sintasaiza?

Ganga tana ba da sauti domin fatarta tana rawa. Goge yana ba da sauti domin tsirkiyarsa tana rawa. A cikin sintasaiza wutar lantarki ce take kai da komowa cikin waya, lasifika kuma ta mai da wannan motsi ya zama sauti. Idan wutar ta kai ta komo sau 440 cikin daƙiƙa ɗaya, kunne zai ji muryar da mawaƙa ke kira A. Idan ta yi sau 880, muryar ce dai, amma zango ɗaya sama, kamar tazarar da ke tsakanin doh na ƙasa da doh na sama a wurin 'yan ƙungiyar mawaƙa.

Fiyanon lantarki da muke gani a majami'u da ɗakunan ɗaukar waƙa jikanta ne, sai dai shi a rufe yake, an gama haɗa cikinsa tun daga masana'anta. Wadda nake magana a kanta kuwa sassa-sassa ce. Kowane sashe yana da allonsa, wato irin koren allon nan da ake gani idan an buɗe bayan rediyo, yana kuma da fuskarsa mai ramuka da mamurɗai irin na ƙara murya a rediyo. Mai kiɗa ne yake haɗa sashe da sashe da wayoyi yadda yake so.

A shekarar 1964 wani injiniya ɗan Amurka mai suna Robert Moog ya nuna irin wannan na'ura a wani taron injiniyoyin sauti a birnin Niyok. A daidai waɗannan shekaru Don Buchla yana gina tasa a jihar Kalifoniya. Na'urorin manya ne, suna da tsada, gabansu cike da wayoyi kamar tsohon ofishin tarho. A 1970 kamfanin Moog ya fito da ƙarama mai suna Minimoog wadda aka haɗa sassanta ta ciki, sannan a 1983 kamfanin Yamaha ya fito da DX7 mai aiki da lissafi irin na kwamfuta. Daga nan kasuwar manyan na'urori masu wayoyi ta faɗi.

Amma masu gini a gida ba su daina ba. Tun a shekarun 1970 kamfanin PAiA na John Simonton a jihar Oklahoma yana sayar da kayan haɗi ta gidan waya, mutum ya liƙa da kansa. A 1977 mujallar Elektor ta fara buga zanen wata na'ura mai suna Formant, sashe bayan sashe. A tsakiyar shekarun 1990 Dieter Doepfer na ƙasar Jamus ya fito da tsarin da ake kira Eurorack, wanda ya farfaɗo da sana'ar. A nahiyarmu ma, Brian Bamanya na birnin Kampala a ƙasar Uganda ya gina tasa, ya samo kayan aiki daga shagunan masu gyaran kwamfuta, har ya fitar da faifan kiɗa da ita a 2022. Ke nan abin bai fi ƙarfin wanda ya sa kansa ba.

Sassan da ake farawa da su

Sassa huɗu sun isa a fara. Na farko shi ne mai haifar da sauti, wanda a zane ake rubuta shi VCO. Na biyu rariya ce, VCF, mai tace sautin ta rage masa kaifi. Na uku ƙofa ce, VCA, mai buɗewa sauti ya wuce ko ta rufe a yi shiru. Na huɗu shi ne mai tsara tashi da faɗuwar sauti. Shi ba ya yin ƙara ko kaɗan, aikinsa ya gaya wa ƙofar ta buɗe farat ɗaya kamar bugun kalangu, ko a hankali kamar jan goge.

A nan za a lura cewa wuta iri biyu ce ke yawo tsakanin sassan: akwai wadda ita ce sautin, akwai kuma wadda umarni take kaiwa. Moog ya kafa ƙa'idar da yawancin magina ke bi, wato ƙarin bolt 1 yana ɗaga murya zango ɗaya. Tun da matakai 12 ne cikin zango, kowane mataki kashi ɗaya ne cikin 12 na bolt, wajen milibolt 83. Ku riƙe wannan ɗan adadi, domin shi zai nuna muku dalilin da ya sa ƙaramin sakaci a wajen haɗi yake ɓata waƙa. Ba kowa ne ya bi ƙa'idar ba. Na'urorin Buchla da yawa suna amfani da bolt 1.2 a zango, tsohuwar Korg MS-20 kuma wani lissafi dabam take bi. Wanda ya cuɗanya zane-zane daga gidaje dabam-dabam bai duba wannan ba, zai danna doh ya ji wata murya can.

Haɗi kashi uku ne: na wuta a baya, na allo da fuskarsa a tsakiya, da na wayoyin mai kiɗa a gaba. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Haɗi na farko: wutar da ke ciyar da alluna

Rediyo tana aiki da wayoyin batir biyu. Waɗannan alluna kuwa uku suke bukata: ɗaya mai bolt 12 sama da sifiri, wadda ake rubutawa +12, ɗaya mai bolt 12 ƙasa da sifiri, wato −12, sai ta tsakiya mai sifiri, wadda ake kira ƙasa. Dalili shi ne sauti yana hawa sama da sifiri yana sauka ƙasa da shi, dole allon ya sami wuta ta fuska biyu. Wasu tsare-tsaren manyan na'urori suna amfani da +15 da −15. Allon da aka zana domin 12, kada a ba shi 15 sai an tabbata kayansa za su jure.

Mai koyo zai iya farawa da batir biyu masu bolt 9. A haɗa kan ɗaya da gindin ɗayan, wannan mahaɗa ita ce ƙasa, sauran bakin biyu su ba da +9 da −9. Zane-zane masu sauƙi da yawa suna aiki haka, kuma babu hatsari ga rai.

Idan sassa suka yi yawa, batir ba zai ɗauka ba, sai a koma wutar gida. A nan ina roƙon ɗalibai su saurara da kyau. Wutar soket a ƙasarmu wajen bolt 230 ce, tana kisa. Kada ta shiga cikin akwatin ko kusa. A sayi taransifoma rufaffiya irin wadda ake sokawa a bango, mai fitar da bolt 12 na wuta mai kai da komowa, wadda aka rubuta AC a wajen fitarta. Cajar waya ba ta yin wannan aiki. Wannan ƙaramar wuta ce kaɗai za ta shiga akwati, inda dayod biyu za su raba ta gida biyu, manyan kafasita su kwantar da ita, sannan masu daidaita wuta biyu, 7812 da 7912, su tsayar da ita a +12 da −12. Waɗannan biyun suna zafi, sai an ɗaura musu ƙarfen sanyaya. Ƙafafunsu kuma ba jeri ɗaya ba ne, bayan 7912 ma ba ƙasa ba ne, saboda haka kada a ɗaura su a ƙarfe guda ba tare da abin raba su ba.

Kafin a ƙara sashe, a yi lissafi. Kowane allo yana shan wuta gwargwadonsa, ana auna ta da miliamfa. A ce masu haifar da sauti biyu suna shan 40 kowane, rariya 30, ƙofa 20, mai tsara sauti 20. Jimla 150 ke nan. Idan tushen wutar yana iya ba da 500, akwai sauran wuri. A yi lissafin +12 dabam, na −12 dabam, kuma kada a wuce kashi uku cikin huɗu na ƙarfin tushen. Jakin da aka yi wa lodi har iyakar ƙarfinsa ba ya kai kasuwa.

Daga tushen, wuta tana zuwa wani dogon allo da ake ɗaurawa a bayan akwati, mai jerin soket-soket. Shi ne allon rabon wuta. A tsarin Eurorack ana ɗauko wuta daga gare shi da waya mai faɗi kamar ɗamara, mai zare 10 ko 16. A mai zare 10, biyun farko −12 ne, shida na tsakiya ƙasa ne, biyun ƙarshe +12. Mai zare 16 ta ƙara da biyu na +5 da huɗu na umarni. Gefe ɗaya na wayar yana da jan layi, kuma ƙa'ida ita ce jan layi yana wajen −12. Wannan wayar ce yaronmu ya juya. Da ya juya ta, +12 ta shiga inda −12 ya kamata ta shiga, aisi ɗin da ke kan allon ya ƙone nan take.

Rigakafi uku ne, kuma duka ba su kai kuɗin aisi biyu ba. Na ɗaya, a yi amfani da soket mai katanga da tsaga, wanda filogi ba ya shiga sai ta fuska ɗaya. Na biyu, a sa dayod biyu, irin su 1N5817, a bakin shigar wuta na kowane allo, ɗaya a layin +12 ɗaya a layin −12, domin dayod ba ya barin wuta ta bi ta baya. Na uku, a ɗiga jan fenti a gefen −12 na kowane soket. Duk da haka kada a amince wa jan layi ido rufe, musamman idan a gida aka matse filogin. A auna da mita.

Wayar ƙasa ita ce aka fi rainawa, alhali ita ce ma'aunin kowa. Kowane sashe daga gare ta yake ƙidaya bolt ɗinsa. Idan siririya ce, ko kuwa an ja ta daga allo zuwa allo kamar carbi, wutar da ke komawa ta cikinta za ta ɗaga sifirin wani allo da 'yan milibolt. Ku tuna mataki ɗaya milibolt 83 ne kacal. Sai ka ga duk lokacin da fitilar wani sashe ta kama, muryar wani sashen ta karkace, ko kuwa lasifika ta riƙa gurnani. Maganinsa waya mai kauri, gajera, kuma kowace ta komo wuri ɗaya kusa da tushen wuta. A kan kowane allo a sa kafasita mai mikrofarad 10 a bakin shigar wuta, da ƙarama mai nanofarad 100 dab da ƙafafun wuta na kowane aisi. Su ne randar ruwan allon, yana sha daga gare su ba ya girgiza na maƙwabta.

Haɗi na biyu: allo da fuskarsa

Fuska ita ce farantin da ke ɗauke da mamurɗai da ramukan waya. An fi yin ta da alminiyom mai kaurin milimita 2, domin yana da sauƙin hudawa, ba ya lanƙwashewa, kuma idan an haɗa shi da ƙasa yana kare allon daga hayaniyar wutar waje. Filawud siriri ma yana yi, amma sai an manna masa takardar alminiyom ta baya an haɗa ta da ƙasa.

Hanya biyu ce ake ɗaura allo. Ta farko, a tsayar da shi a bayan fuska da ƙarfe mai kusurwa, ya miƙe zuwa cikin akwati, sannan a ja wayoyi daga gare shi zuwa mamurɗai. Wannan ta fi sauƙi ga mai gini a gida, gyara ma ya fi sauƙi, amma tana bukatar akwati mai zurfi. Ta biyu, a kwantar da allon a bayan fuska, a liƙa mamurɗai da ramuka a jikinsa kai tsaye, idan bai isa ba a ɗora allo na biyu a bayansa da 'yan ginshiƙai da jerin allurai masu tazarar milimita 2.54. Wannan ba ta cin wuri, wayoyi kuma sun ragu, amma dole hudar fuska ta yi daidai da allon, kuskuren milimita ɗaya yana hana shiga. Dabarar masu yi ita ce a jera kayan a ramukan allo ba a liƙa ba, a sa fuska a ɗaure noti-noti, sannan a zo da dalma.

Ko wace hanya aka bi, a kiyaye waɗannan. Kada a bar allo mai nauyi yana reto a ƙafafun mamurɗi kaɗai, dalma ba ƙusa ba ce, za ta tsage. A yi amfani da waya mai silli-silli a ciki, domin mai ƙarfe guda tana karyewa idan ana motsa ta. A zaɓi launi a tsaya a kansa: mu a kulab ja ce +12, shuɗiya −12, baƙa ƙasa, rawaya sauti. Wayoyin sauti su zama gajeru, su nisanci tushen wuta. Inda zai yiwu a sa filogi maimakon a liƙe waya gaba da baya, domin wata rana za a so cire allon. A ƙarshe a duba kada bayan allo ya taɓa ƙarfe ko kan sukuru. Bayan an gama aiki da dalma a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, kuma a yi aikin inda iska ke shiga.

Haɗi na uku: wayoyin gaba

Ramukan gaba iri uku ne. Akwai babba mai milimita 6.35, irin na jita da amfilifaya, wanda Moog ya yi amfani da shi. Yana da ƙarfi, ana samunsa a kasuwa, amma yana cin wuri. Akwai ƙarami mai milimita 3.5 na tsarin Eurorack. Akwai kuma wanda ake kira banana mai milimita 4, irin na ɗakin gwaje-gwajenmu, wanda Buchla da Serge Tcherepnin suka yi amfani da shi. Amfaninsa ana iya soka filogi a bayan filogi, umarni ɗaya ya tafi wurare uku. Sai dai zare ɗaya gare shi, ba ya ɗauke da ƙasa, saboda haka idan akwati biyu ne sai an haɗa ƙasarsu da waya dabam. A zaɓi iri ɗaya a yi dukan na'urar da shi.

Ƙa'idar haɗawa ita ce mafita zuwa mashiga. Amma mai kiɗa cikin sauri zai soka mafita cikin mafita wata rana, allo biyu su riƙa ture juna. Domin wannan ake sa rasisto mai om 1,000 a bakin kowace mafita, sai kuskuren ya wuce ba ɓarna. A kuma zagaye ramukan mafita da baƙin fenti yadda ko baƙo zai gane.

Sautin da ke yawo cikin na'urar yana kaiwa daga +5 zuwa −5, wato bolt 10 daga sama zuwa ƙasa. Amfilifaya kuwa abin da bai wuce bolt 1 ko 2 ba take jira. Saboda haka a sa mamurɗin rage ƙarfi a mafita ta ƙarshe, a kuma fara da shi a rufe. Wanda ya aro amfilifayar majami'a ya soka kai tsaye, yana iya fasa lasifika, ya kuma cuci kunnuwan jama'a.

Awo kafin huda

Abin da ya sa tsarin Doepfer ya bazu shi ne awo. Ya ɗauki ma'aunin da injiniyoyi suka daɗe suna amfani da shi wajen kabad ɗin kayan sadarwa mai faɗin inci 19, inda ake ƙidaya tsawo da U, kowane U milimita 44.45. Sashen Eurorack U 3 ne, tsawon fuskarsa milimita 128.5. Faɗi kuma ana ƙidaya shi da HP, kowane milimita 5.08, jeri ɗaya na wannan kabad yana ɗaukar HP 84. Saboda kowa ya yarda da wannan, sashen da aka ƙera a Jamus zai zauna kusa da wanda aka ƙera a Japan, sukuru ya shiga raminsa. Tsarin Moog U 5 ne, wajen milimita 222.

Ga makaranta irin tamu, ni na fi son tsarin Kosmo na Sam Battle ɗan ƙasar Ingila. Tsawon fuska santimita 20, faɗi kuma 2.5, ko 5, ko 7.5, ko 10, haka dai. Rula ta aji ta isa a auna shi. Yana amfani da manyan ramuka, wutarsa kuma +12 da −12 ce kamar ta Eurorack, saboda haka zane-zanen wancan suna aiki a nan. Fuskar tana da fili, yatsun mai koyo suna samun wurin aiki.

Kowane aka zaɓa, a rage faɗin fuska da ɗan abin da bai kai rabin milimita ba, domin sassa su jeru ba gogayya. A zana fuskar a takarda tukuna, a ɗora ainihin mamurɗai da filogi a kai a ga ko hannu zai shiga tsakaninsu. A manna takardar a farantin, a dasa alama da ƙusa, a fara huda da siririn bakin injin huda kafin babba.

Akwati

Filawud mai kaurin milimita 12 ya isa, kowane kafinta zai iya haɗa shi. Kafin a yanka, a auna allon da ya fi kowane zurfi, a ƙara wurin allon rabon wuta da filoginsa, a ƙara kamar santimita 2 na lanƙwasar waya. Da yawa sun gama akwati mai kyau, sannan suka tarar sashe ba ya shiga.

A sama da ƙasan kowane jeri akwai sanda inda ake ɗaure fuskoki. Ta katako ta fi araha, amma raminta yana buɗewa idan ana yawan kwancewa, sai a zaɓi katako mai tauri a fara huda ɗan rami kafin sukuru. Ta alminiyom mai noti a ciki, mai ɗaukar sukuru M3, ta fi daɗewa.

Zafi abokin gāba ne. Transistocin da ke mai da bolt ya zama murya suna sauya hali idan ɗumi ya sauya, shi ya sa masu zane suke manna musu rasisto na musamman mai rama wannan sauyi. Duk da haka a nisanta mai haifar da sauti daga tushen wuta, a huda ramukan iska a ƙasa da saman bayan akwati, a kuma kunna na'urar kamar minti 15 kafin a daidaita muryarta. A watan Maris da Afrilu kada a ajiye ta inda rana ke bugu ta taga.

Ramukan iska kuma ƙofa ce ga wasu baƙi. A rufe su da ragar sauro ta ƙarfe, in ba haka ba kyankyasai da ɓeraye za su tare a ciki, zanzaro kuma ya yi gini a kan allo. Ƙurar hunturu tana shiga mamurɗai su riƙa ƙarar yashi, saboda haka a ɗinka wa akwatin riga. A lokacin hunturun nan ne kuma jiki ke tara wutar da ke tartsatsi idan an taɓa ƙarfe, wadda take kashe wasu aisi, musamman irin CMOS, ba tare da wata alama ba. A taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin a taɓa allo. Da damina a ɗaga akwatin daga daɓe saboda laima da gara.

Duk gurbin da ba a sa sashe ba tukuna, a rufe shi da farantin banza, ko da na kwali mai kauri ne. Bakin wayar gaba ƙarfe ne tsirara, idan ya faɗa ta gurbin ya taɓa allon rabon wuta, an koma gidan jiya. A kuma gina akwatin ya fi bukatar yau girma, domin wanda ya gama sashe huɗu zai so na biyar. A ƙarshe a manna takarda a cikin murfin baya mai nuna launin wayoyi, da wutar da kowane sashe ke sha, da ranar da aka sa shi. Wanda zai gyara bayan shekara uku zai sa muku albarka.

Kafin a kunna

Ga matakan da muka rubuta muka manna a bangon ɗakin kulab tun daga ranar nan:

1. A kunna tushen wuta shi kaɗai, a auna +12 da −12 a kowane soket.
2. A kashe. Ba a soka sashe ko a cire shi wuta tana kunne.
3. A auna sabon allo da mita, a tabbata +12, da −12, da ƙasa ba su taɓa juna ba.
4. Mutum biyu su duba jan layi, wanda ya soka da wanda bai soka ba.
5. A gwada sabon sashe shi kaɗai tukuna. A kunna, hannu yana kan makunni, a saurara, a shinshina. In aisi ya yi zafin da yatsa ba zai jure ba, a kashe nan da nan.
6. Sai ya ci wannan jarrabawa za a haɗa shi da 'yan'uwansa, a sake auna wutar a ga ko ta faɗi.

Yaranmu sun sake gina allon da ya ƙone cikin mako biyu, domin hannu ya riga ya saba. Wanda ya juya wayar shi ne yanzu mai riƙe da mita, ba a kunna komai sai ya ce to. Akwatin yana da sassa huɗu, da gurabe huɗu da aka rufe da kwali. Uku daga cikin waɗanda suka fara aikin suna aji shida, bana za su bar mu, ba za su ga cikarsa ba. Amma sun bar awo a rubuce, sun bar launin wayoyi a rubuce, duk wanda ya zo bayansu zai gina sashensa ya shiga daidai. 'Yan aji huɗu da aji biyar masu sha'awa, ƙofar kulab a buɗe take idan an dawo hutu. Ku zo da rula, da littafin rubutu, da haƙuri. Masu fita kuma, Allah ya ba ku sa'a a inda za ku.